Ilmenait: baƙin yashin da na saya don gwajin kama hayaƙin kwal

Duk wanda yake shirin fara bincike a kan ƙona kwal ta hanyar nan da ake kira CLC (chemical looping combustion, wato ƙona kwal da oksijin ɗin da yashin ma'adini yake ɗauko masa, don a samu sauƙin kama hayaƙinsa), kuma kuɗin da aka ware masa bai taka kara ya karya ba, to ya sayi ilmenait. Ba shi ne ya fi ƙwazo ba, ko kusa. Yana da nawa, yana barin aiki a baya, kuma ranar farko da ka zuba shi a tanderu za ka rantse an yi maka sakiyar da ba ruwa. Duk da haka da za a sake ba ni zaɓi shi zan kuma ɗauka, kuma zan faɗi dalili tare da duk abin da ya ba ni haushi game da shi da wanda ya sayar mini.

Ƙannenmu da ke karatun injiniyan sinadarai a gida ne suka sa na zauna na rubuta wannan. Saƙonsu kusan iri ɗaya ne: "Yaya, don Allah yashin CLC na nikel za mu nema ko na jan ƙarfe? A takardun da muka karanta su ne suka fi kyau." Gaskiya ne a takarda sun fi kyau. Ni kuwa a wani ɗakin gwaji nake aiki a nan Turai, yinina tsakanin rariya da tanderu yake ƙarewa, don haka abin da hannuna ya taɓa zan faɗa.

Sai an san aikin da ake nema a wurin wannan yashi kafin a yi masa adalci. Matsalar tashar lantarki mai aiki da kwal ba rashin iya kama iskar CO2 ba ce, an iya. Matsalar ita ce iskar da muke hura wa wuta kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin, kusan kashi 78 naitirojin ne, wanda shiga kawai yake yi ya fito ya cakuɗe da hayaƙi. Shi ya sa a bakin bututun hayaƙin tashar kwal CO2 bai cika wuce kashi 12 zuwa 15 ba. Kafin ka tsamo shi daga wannan tarin sai ka wanke hayaƙin da ruwan sinadarin amin, sannan ka dafa ruwan ya saki abin da ya kama. Dafawar nan tururi take ci, tururin da ya kamata ya tafi juya injin. Tashar Boundary Dam ta Kanada tun 2014 take wannan aiki. Petra Nova ta jihar Texas ta fara a 2017, aka dakatar da ita a 2020, aka sake tayar da ita a 2023. Suna kama hayaƙin, amma kowa a wannan sana'a ya san irin wutar da suke cinyewa kafin su kama.

Dabarar CLC ita ce kada a bari iska da kwal su ga juna tun farko. Tukwane biyu ake yi. A ta farko ana hura iska cikin yashin ma'adini mai zafi, yashin ya kwashi oksijin, naitirojin ya wuce abinsa. Sai yashin ya gangara tukunya ta biyu inda kwal yake, ya sauke oksijin ɗin, kwal ya ƙone ba tare da harshen wuta ba, yashin ya juya ya koma ɗauko wani. Ɗan dako ke nan, ba shi da wani aiki sai ɗauka da saukewa. Abin da ke fita daga tukunyar kwal CO2 ne da tururin ruwa. Ka sanyaya shi, ruwa ya kwanta, CO2 ya rage shi kaɗai, a matse shi a tura ƙarƙashin ƙasa. Jimillar zafin da ake samu daidai yake da na ƙonawar da aka saba, ba a kashe komai wajen rarrabe iska da iska ba. Tunanin ba sabo ba ne. Lewis da Gilliland sun yi rajistar irinsa a Amurka tun 1954, su lokacin CO2 mai tsabta suke so su samar, Ishida da abokan aikinsa a Japan suka raɗa masa suna a 1987, sannan a 2003 jami'ar Chalmers ta ƙasar Suwidin ta tayar da na'ura mai kilowat 10 da ta nuna abin yana yiwuwa da iskar gas. Zuwa 2008 sun zuba kwal a irin wannan na'ura, kuma ɗan dakon da suka yi amfani da shi ilmenait ne.

Ka ga kuwa duk nauyin yana wuyan ɗan dakon. Zai yi ta kai da komo a zafin digiri 900 zuwa 1000, yana gogayya da bangon tukunya, da 'yan'uwansa, da tokar kwal, da farar wutar da ke cikin kwal ɗin. Kuma duk lokacin da aka kwashe toka sai wani abu daga cikinsa ya bi ta. Wannan na ƙarshe shi ne abin da masu karanta takarda kawai suke mantawa. Da iskar gas kake aiki, za ka iya sayen ɗan dako mai tsada ya daɗe yana yi maka hidima. Da kwal kuwa kullum cikin asararsa kake, don haka dole ya zama abin da zuciyarka ba za ta yi zafi ba in ka ga ya tafi juji.

Ilmenait ma'adini ne na ƙarfe da titaniyam, kuma ba don mu ake haƙo shi ba. Yawancinsa masana'antun farin fenti ne suke saye, su ciro farin sinadarin da ake sawa a fenti da roba da takarda. Wannan alheri ne a gare mu, domin ana haƙo miliyoyin tan a shekara, kuma farashin tan guda a kasuwar duniya 'yan ɗaruruwan daloli ne. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai na dutse, wanda ake fasawa a niƙa, irin wanda ake haƙowa a mahaƙar Tellnes ta ƙasar Norwe, kuma shi ne mafi yawan binciken Turai ya ginu a kai. Akwai kuma na rairayi, wanda ruwa da iska suka daɗe suna gogewa a bakin teku, irin na Ostareliya. A ƙarƙashin madubin ƙara girma na dutsen yana da kusurwoyi masu kaifi, na rairayin kuwa mulmulalle ne.

Ni na dutse na nema, ta hannun wani dillalin ma'adinai da ba zan kama sunansa ba. Wajen amsa saƙo ba shi da laifi, kuma kayan sun iso a lokacin da ya ce. Kuɗin dako da takardun kwastan sun ninka kuɗin yashin kansa, wannan kuwa ba laifinsa ba ne, haka abin yake in ɗan kaɗan ka saya. Ya haɗo da takardar awon sinadaran da ke ciki, da muka sake aunawa a nan muka ga ba ta yi nisa da gaskiya ba. Inda muka ɓata da shi girman ƙwaya ne. Na rubuta masa ƙarara cewa tsakanin maikiron 100 da 300 nake so (maikiron 1000 ne milimita ɗaya), ya ce babu damuwa. Da na buɗe buhun na cusa hannu, sai hannun ya fito baƙi ƙirin har wuyan hannu, alamar gari ya yi yawa. Na jera rariyoyi, mai manyan idanu a sama, mai ƙanana a ƙasa, na ɗora a injin girgiza. Abin da ya taru a kwanon ƙasa, wato garin da ba shi da amfani a wurina domin iska za ta kwashe shi tun kafin ya yi zagaye ɗaya, ya isa mutum ya ji an taɓa masa aljihu. Na yi masa magana, ya ce ai masu fenti ba sa ƙorafi. To ina za su yi ƙorafi, su da narkar da shi za su yi? A nan na gane cewa shi a ganinsa ilmenait ilmenait ne, bai san akwai mai sayen da ya damu da girman ƙwaya ba. Bai mayar mini da ko sisi ba, ni ma ban matsa ba.

Abin da ya tsaya tsakanin rariyar maikiron 125 da ta 180 shi na ware don gwaji. Kafin a fara komai sai an gasa shi, kuma kada wanda ya tsallake wannan mataki don sauri. Ɗanyen ilmenait a yunwace yake da oksijin. In ka zuba shi a tukunya ka buɗe masa iska kai tsaye, zai kwasa da haɗama, zafi ya yi tsalle, ƙwayoyin su manne da juna, ka wayi gari da dunƙule a maimakon yashi. Masu bincike na Zaragoza a Sifaniya sukan gasa shi a digiri 950 na tsawon awa 24, ni ma hakan na bi. Na baza shi a kasko, ba mai kauri ba, na sa a tanderu da yamma. Washegari da ya huce na ciro, baƙin nan mai ƙyalli ya dusashe ya koma ruwan ƙasa mai duhu, sama ta ɗan yi ɓawo wanda yake wargajewa da zarar ka taɓa shi da cokali. Na sake tankaɗewa. In ka auna shi kafin gashi da bayan gashi za ka ga ya ƙara nauyi, nauyin oksijin ɗin da ya sha ke nan. A lissafi, ilmenait zalla zai iya ɗaukar oksijin da ya kai kashi 5 cikin 100 na nauyinsa. Wanda ake sayarwa ba zalla ba ne, don haka kada ka sa ran kaiwa can.

Sai ranar gwajin farko, wadda take karya wa mutane gwiwa. Na'urarmu bututun gilashin kwatz ne, kaurinsa bai fi babban yatsa biyu ba, da wani faranti mai ƙananan huji a tsakiya inda yashin yake zama. Ana turo iska ta ƙasa har yashin ya riƙa motsi yana ɓulɓula, duk abin yana cikin tanderu. Na tura masa iskar mai, wato CO (kabon monoksaid) da haidirojin, waɗanda ake so ya ƙone, na zuba wa allon kwamfuta ido. Yawancin CO ɗin ya wuce ta cikinsa ya fito yadda ya shiga. Wani sabon ɗalibi da ke tsaye a bayana ya ce a mayar wa dillalin kayansa. Na ce ya yi haƙuri tukuna. Muka ci gaba da jujjuya shi, iskar mai, sannan naitirojin don share bututu, sannan oksijin, a sake komawa. A hankali layin CO ya fara sunkuyawa, na CO2 yana tashi, kowane zagaye ya fi na baya, har ya kai inda ya tsaya cak bai ƙara ba.

Wannan hali nasa sananne ne. Juan Adánez da mutanensa a Zaragoza sun bayyana shi dalla-dalla a 2010. Shiga da fitar oksijin yana buɗe ƙananan ramuka da tsage-tsage a cikin ƙwayar, sai iskar mai ta samu hanyar kutsawa ciki a maimakon ta tsaya a bakin ƙofa. Da haidirojin ya fi saurin aiki, da CO ya ɗan fi jinkiri, kuma ko bayan ya farka iskar metan ce ta fi ba shi wahala. Don haka duk sakamakon da mutum ya rubuta daga zagayen farko-farko ba na ilmenait ba ne, na ilmenait mai barci ne. Na sha ganin rahotannin ɗalibai da suka yanke masa hukunci a wannan mataki suka ce bai da amfani.

Amma farkawar tana da kuɗinta. Yayin da ramukan suke buɗewa, ƙarfen da ke cikin ƙwayar yana ƙaura zuwa waje, ya taru a fata. In ka yanka ƙwayar da ta daɗe tana aiki ka duba, za ka ga zobe mai haske a gefe, ƙarfe ke nan, tsakiya kuma titaniyam ya fi yawa. Ko da ido ma za ka lura yashin ya soma ɗaukar launin tsatsa. Fatar nan ita ce take fara goguwa, kuma ƙarfen shi ne mai ɗaukar oksijin, titaniyam rakiya kawai yake yi. Mutanen Zaragoza sun ga ɗaukar tasa ta sauko daga kashi 4 zuwa kusan kashi 2 bayan zagaye 100. Da farko wannan ya tayar mini da hankali, sai na zauna na yi lissafin tasha babba. Tukunyar kwal ba ta samar wa kanta isasshen zafi, yashin ne yake kawo mata daga tukunyar iska, kuma yawan yashin da dole a zagaya da shi don zafin kaɗai ya wuce wanda ake bukata don oksijin. Saboda haka raguwar ba ta kashe aikin. Ta dai hana mutum sakaci: in ka bari ya sauke oksijin ɗinsa har ƙarshe kafin ka mayar da shi ga iska, zai manne, motsin ya tsaya, kuma gilashin kwatz ba ya son a yi masa dole. Shi ya sa a ƙaramar na'ura ba ma tura masa iska tsagwaronta, oksijin kashi 5 muke haɗawa da naitirojin.

Da aka zo kan kwal kansa, wanda shi ne dalilin sayen, sai na ga inda ake samun matsala da gaske, kuma ba duka ne laifin yashin ba. Ƙwayar kwal da ƙwayar yashi ba sa musayar komai don sun gogi juna. Dole kwal ya zama iska tukuna. Da zarar ka jefa garin kwal a ciki, cikin daƙiƙoƙi yake fitar da iskokinsa masu saurin tashi, za ka ga allon ya yi tsalle. Abin da ya rage gawayi ne, shi kuma sai tururin ruwa ya riƙa cinsa a hankali yana mayar da shi CO da haidirojin, sannan yashin ya ƙone su. Wannan cin gawayin shi ne mai jan lokaci, minti bayan minti. A nan ilmenait ya burge ni. Haidirojin in ya taru yana hana tururi cin gawayi, shi kuwa ilmenait ba ya barin haidirojin ya zauna. Da na kwatanta da farin yashi na banza a tukunya ɗaya, zafi ɗaya, kwal ɗaya, gawayin ya fi saurin ƙarewa ƙwarai a cikin ilmenait. Ƙara zafi daga 900 zuwa 950 shi ma ya kawo bambancin da ba sai an yi gardama ba. A babbar na'ura in gawayin bai gama ba, yakan bi yashin ya tsallaka tukunyar iska ya ƙone a can, CO2 ɗinsa ya fita tare da naitirojin, an yi aikin banza ke nan. Maganin da aka yi masa shi ne a sa wani ɗan ɗaki tsakanin tukwanen biyu wanda yake tace gawayi mai sauƙin nauyi daga yashi mai nauyi ya mayar da shi baya. Nauyin ilmenait yana taimakawa a nan.

Babban aibinsa, wanda babu yadda za a rufe shi, shi ne ba ya ƙone iskar mai duka. Iskokin nan da kwal yake fitarwa da farko suna haɗuwa su zama manyan kumfa su haye sama, ba su ba yashin lokaci ba. A na'urar Chalmers mai kilowat 100, da ilmenait da kwal mai kyau, mafi kyawun abin da aka samu shi ne ƙone kusan kashi 84 cikin 100, sauran sai an bi shi da oksijin zalla a wani ɗaki na gaba a ƙarasa. Oksijin zalla kuwa tsada gare shi, kuma guje masa na cikin dalilan da suka sa aka shiga wannan harka tun farko. Yawancin ƙoƙarin gyaran CLC a yau a kan wannan giɓi yake: a ina za a shigar da kwal don iskarsa ta ratsa yashi mai zurfi, yaya za a rarraba ta kada ta dunƙule, da me za a gauraya ilmenait ya ƙara himma. Gaurayawa da ma'adinin manganis ta rage giɓin sosai a gwaje-gwajen Suwidin. Ni ma na gwada a ɗan bututuna, CO ɗin da ke tserewa ya ragu, amma matatar da ke bakin bututun ta riƙa cika da gari da wuri, domin manganis ba shi da ƙwarin jiki.

To su na nikel da jan ƙarfe da ƙannena suke tambaya fa? Nikel gwani ne wajen ƙone metan, amma tsada gare shi, ƙurarsa tana jawo ciwon daji, kuma farar wutar kwal tana lalata shi. Ka yi tunanin tokar tasha guda cike da nikel, wa zai karɓe ta? Jan ƙarfe shi ne wanda nake sha'awa. Shi a wannan zafi sakin oksijin yake yi a matsayin iska, gawayi ya ƙone kai tsaye ba sai ya jira tururi ba, dabarar da mutanen Chalmers suka bayyana a 2009. Na ga gwajinsa da idona, gawayin da yake shan mintuna a ilmenait nan da nan ya ɓace. Sai dai jan ƙarfe a digiri 1085 yake narkewa, kusa da inda muke aiki, ga tsada, ga shi dole a ƙera ƙwayoyin a masana'anta a kan wani abin da zai riƙe su. Ɗalibin da ke da tallafi mai kauri da wanda ya iya haɗa su, bismilla. Tama, wato hematait, ita ce abokiyar karawar ilmenait ta gaskiya wajen araha, kuma wasu nau'o'inta sun fi shi saurin aiki. Halinta dai yana sauyawa daga mahaƙa zuwa mahaƙa.

Abin da ya sa ilmenait ya ci gaba da zama a kan teburina shi ne juriya da kuma shaida. Farar wuta ba ta dame shi ba. Ba guba ba ne, ka share shi da tsintsiya in ya zube, takunkumin ƙura kawai za ka sa. Maganaɗisu yana jansa, don haka ana iya tsamo shi daga toka a mayar da shi aiki. Na gwada da ɗan maganaɗisu a cikin leda, na bi ta kan abin da na kwashe daga bututu, baƙin ya manne, tokar ta zauna. A Suwidin ma an zuba shi a maimakon farin yashi a manyan tukwanen tururi da ke ƙona itace da shara, aka ga yana daidaita ƙonewar, wato an riga an san halinsa da tan-tan, ba da cokali kawai ba. Shaidar kuwa ita ce ta fi muhimmanci ga mai farawa. Chalmers sun auna shi, Zaragoza sun auna shi, na'urar Darmstadt ta Jamus mai megawat 1 ta yi aiki da shi. In ka haɗa na'urarka a Zariya ko Bauchi ka zuba ilmenait, sakamakonka ya sha bamban da nasu, ka san na'urar ce take da matsala, ka nemo inda iska take yoyo. In kuwa da wani sabon haɗi naka ka fara, ba ka da abin da za ka gwada kanka da shi, kuma duk wanda zai duba aikinka sai ya tambaye ka wannan.

Kada kuma wanda ya ji wannan yabo ya ɗauka fasahar ta nuna. Har yau ba a sayar da lantarkin da ya fito daga tashar CLC ta kasuwanci. Anders Lyngfelt da Bo Leckner na Chalmers sun zana tukunya mai zafin megawat 1000 a 2015, suka ƙiyasta cewa kama tan guda na CO2 zai ci kusan yuro 20, ƙasa sosai da hanyar wanke hayaƙi. Zane ne da lissafi. A Amurka jami'ar jihar Ohio ta bi wata hanya dabam, da ƙwayoyin ƙarfe da suka ƙera da kansu masu gangarowa a hankali, suka yi sama da awa 200 suna ƙona kwal ba tsayawa a ƙaramar na'ura. A birnin Deyang na ƙasar Sin an gina wata tashar gwaji tare da haɗin gwiwar Turai, wadda ta ninka ta Darmstadt, kuma a 2024 aka ba da labarin ta riƙe zafinta da kanta. Daga nan zuwa tashar da za ta haska gari akwai tafiya.

Kwanakin baya na kira wani tsohon malamina don gaisuwa, hira ta kawo mu kan buhun nan. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Injiniya, yanzu yashin da ke jibge a Jos shi ka biya kuɗin jirgi aka kawo maka?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, kusan haka ne, amma da sauran magana." Malam yana da gaskiya. Tarin ƙasar da haƙar kuza ta bari a tsaunukan Filato akwai ilmenait a ciki, kuma masu tace kuza da kolumbait sun daɗe suna ware shi da maganaɗisu. Sauran maganar ita ce tare yake da monazait, mai ɗauke da toriyam da ke fitar da rediyeshan, don haka duk wanda zai ɗebo shi ya fara kai shi a auna kafin ya shiga tankaɗe shi a rufaffen ɗaki. Kuma ba lallai halinsa a tanderu ya zo ɗaya da na Norwe ba, wanda hakan kansa aikin digiri ne mai kyau. Kwal ma muna da shi: na Inugu da aka gano tun 1909, na Okaba a Kogi, na Maiganga a Gombe da ake kai wa masana'antar siminti ta Ashaka, ga na Anu Araren a Nijar wanda kamfanin SONICHAR yake ƙonawa a Cirozerin yana ba Arlit da Agadas wuta. Yawancin namu ba tsohon kwal mai tauri ba ne, irin wannan kuwa gawayinsa ya fi saurin amsa wa tururi, sai dai yana da yawan iskar farko, wadda ita ce raunin ilmenait. Ban ce a gina tashar CLC a Gombe gobe ba, ƙasar da wutar kanta ba ta isa ba. Na ce ɗalibin da ya haɗa ilmenait na Jos da kwal na Maiganga a bututu ɗaya, ya ajiye na Norwe a gefe don kwatanci, yana da abin da zai rubuta wanda masu wannan sana'a za su so su karanta.

Ga wanda zai yi oda: ka tambaya na dutse ne ko na rairayi, kuma a rubuta maka a takarda. Ka nemi awon girman ƙwaya kafin ka biya, ba awon sinadarai kaɗai ba, domin dillalai da masu fenti suka saba. Ka sayi fiye da ninki biyu na abin da kake zaton za ka bukata, rariya za ta cinye maka rabo mai yawa, kuma in ya ƙare maka a tsakiyar aiki buhu na biyu ba lallai ya zo daidai da na farko ba. Ka ɗebi kwalba guda ta ɗanye da guda ta gasasshe ka rufe ka rubuta kwanan wata, za a tambaye ka su ranar kare aiki. Garin da ya faɗa kwanon ƙasa kuma kada ka zubar, yana yin amfani a na'urar awon nauyi mai zafi, wadda ɗan miligiram kaɗan take ci.